Ƙarnin Kifi a Sarin Amarya

Tun daga tashar motar Barisal har suka sauka a Kuakata, maganar da Belayet ya yi wa matarsa ba ta wuce "Za ki sha ruwa?" da "Sauko, mun iso" ba. Moyna ta sauko. Ta tsaya rungume da jakarta tana kallon ƙeyarsa yana ciniki da mai keke, tana tambayar kanta ko dai a filin jirgi aka yi mata musanyen miji.

Domin wannan shi ne mutumin da ya shekara biyu yana cinye mata cajin waya da zance. Ta waya aka ɗaura musu aure, kamar yadda aka ɗaura na 'yan mata da yawa a ƙauyensu waɗanda mazajensu ke aiki a ƙasashen Larabawa. A ranar an naɗa mata jan sari mai bakin zaren zinariya, aka zaunar da ita a tsakar gida, aka ɗora waya a kan matashin kai a kujerar ango, wata gwaggonta har da rataya wa wayar furanni. Daga can Salala inda yake aiki, cikin ƙarar injin buga bulo, wata murya ta amsa wa malamin ɗaurin aure. Tun daga ranar muryar nan ta zama mijinta.

Kuma wace irin murya! Da ya tashi daga aiki sai ya hau rufin ɗakinsu ya kira ta. "Tsuntsuwata," haka yake fara wa. Ya kwaikwayi faɗan ubangidansa har ta ƙware da dariya, ya ba ta labarin abokin ɗakinsa da ke dafa shinkafa a butar shayi, ya tambaye ta littafin da take karantawa, ya ji haushin saurayin cikin littafin kamar kishiyarsa. Shi ya fara ba ta labarin Kuakata, inda mutum ke ganin rana ta fito daga teku da safe, da yamma kuma ya ga ta koma cikinsa. "In na zo zan kai ki," ya ce. "Zan nuna miki komai, ba zan bar ko ɗaya ba."

To, ya zo. Makonnin farko sun tafi a gidan mahaifiyarsa, Amma, inda dangi suka cika tsakar gida suna karɓar tsaraba, Moyna kuwa tana madafa daga safe har yamma. Ɗa mai kunya ba ya hira da matarsa a gaban uwarsa, ta san wannan, ta yi masa uzuri. Sai dai ko sun shiga ɗaki, sai ya zauna bakin gado yana gyaran agogon da ba abin da ya same shi. Ta ce a ranta bari dai su keɓe. Ga shi hutun ya zo ƙarshe: daga Kuakata sai sallama, sai jirgi, sai wasu shekarun. Ta riga ta yanke a ranta, ba ta gaya wa kowa ba. In suka bar bakin tekun nan bai buɗe baki ya yi mata magana irin ta miji da mata ba, ba za ta koma gidan Amma ta ci gaba da jiran baƙo ba. A mararrabar garinsu za ta sauka, ta tafi gidan babanta, manya su zauna su san yadda za su yi.

Ɗakin da ya kama musu na katako ne, an ɗaga shi a kan ginshiƙai saboda ruwa, rufin kwano kore, da 'yar baranda mai fuskantar teku ta tsakanin itatuwan kwakwa. Moyna na ganinsa zuciyarta ta yi sanyi. Irin ɗakin nan ne a littattafai ake shiga da fushi a fito da murmushi. Mai wurin, Khala Anowara, wato Inna Anowara, wata dattijuwa ce mai jan baki saboda taunar ganye, kyanwoyi na bin ƙafarta duk inda ta sa.

"Amarya da ango ne?" ta tambaya tana kwance makulli daga gefen sarinta.

"Shekararmu biyu, Khala," in ji Moyna.

"Shekara biyu? Shi ne yake tafiya a gabanki kamar wanda aka aiko ya raka ki asibiti?" Ta juya ga Belayet. "Kai ɗana, wuta tana zuwa ne in ta ga dama, wurin caji ɗaya ne. Abinci kuma kada ku bari a fili, waɗannan ɓarayin ba su san baƙo ba." Ta nuna kyanwoyin da ƙafa.

Khala na fita, Moyna ta buɗe jakarta ta fito da jan sarin. Tun ranar ɗaurin aure yake naɗe cikin tsohon zane da ganyen ƙamshi, ba ta sake sa shi ba. A hoto kawai ya taɓa ganinsa. Ta rataye shi a kabad ɗin ƙarfe da ke lungu, ta shafa shi, ta rufe. Yammacin ƙarshe za ta sa, su tsaya gaban rana, ango ya ga amaryarsa da idonsa. Ta juyo da niyyar ce masa ya zo su zauna a baranda. Sai ta tarar ya riga ya maƙala wayarsa a wurin cajin, yana tsaye a tsawon igiyar kamar akuyar da aka ɗaure.

"Amma! Mun iso lafiya. Kin ga ɗakin? Kin ga gadon? Tsaya in nuna miki teku ta taga. Wallahi Amma, in kika ga ruwan nan sai ki ce kogin garinmu fitsarin yaro ne."

Ga muryar nan. Ita ce, ba ta canja ba, da dariyarta da komai. Moyna ta zauna bakin gado tana jin muryar mijinta na wucewa ta gabanta zuwa wani wuri.

"Kada ka dawo mini hannu rabbana," Amma ke cewa daga cikin wayar. "Busasshen kifi. Na gidan kawunka daban, na gwaggonka daban, da na surukan yayarka. Mutum ba ya zuwa bakin teku ya dawo ba kifi, sai a ce rowa ce. Ita kuma tana nan?"

"Tana nan."

"Ta ci abinci?"

Ya waiwayo, idonsa ya tsaya a kan bangon da ke bayanta. "Kin ci abinci?"

"Tare muke tun safe," in ji Moyna. "Ka ga na ci?"

Da asuba ƙarar babur ta tashe su. Sobhan ke nan, mai kai baƙi wuraren kallo, mutum mai ƙaton ciki da bakin da ba ya hutawa. Belayet ya yi jinga da shi tun jiya ba tare da ya tambaye ta ba. Suka hau su uku, mijin a tsakiya, ita a baya a karkace, suka miƙa kan jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya janye ya bari. Iska mai gishiri tana dukan fuskarta. Ta kama ƙarfen bayan babur.

"Bhabi, matar yaya, riƙe mijinki mana!" Sobhan ya yi ihu. "Ba a biyan kuɗin riƙo, yana cikin jinga!"

Ta ɗora hannu a kafaɗar Belayet. Kafaɗar ta sandare kamar icen gado. Ta janye hannunta ta mayar kan ƙarfe.

A wurin kallon fitowar rana mutane sun yi cincirindo, kowa ya ɗaga waya sama. Aka jira, aka jira. Gabas ta yi toka-toka, ta yi fari, gari ya waye sarai, rana ba ta leƙo ba. Gajimare ya zauna a kan teku kamar murfin tukunya.

"Jiya ta fito kamar kwanon zinariya," in ji Sobhan. "Wallahi jiya-jiyan nan."

"Kullum jiya take fitowa," wata mata ta ce daga gefe, aka yi dariya.

Moyna ba ta damu da ranar ba. Ga teku shimfiɗe har ƙarshen duniya, ga tsuntsaye, ga su tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ta ce a hankali, "Kana ji? Mu ɗan taka can inda ba mutane."

"Ruwa zai dawo," ya ce yana duban agogo. "Saura ƙaguwoyi."

Suka je wurin jajayen ƙaguwoyi. Daga nesa yashin ya yi ja wur kamar an shanya barkono, suna matsowa komai ya ɓace cikin ramuka. Belayet ya bi su da gudu da waya a hannu, ya dawo da hoton yashi. Daga nan sai dajin da saiwoyinsa ke tsaye cikin laka, sai tsohuwar rijiyar da aka kewaye da ƙarfe, sai ɗakin bautar masu bin Buda inda aka sa su cire takalmi, sai kasuwar 'yan ƙabilar Rakhain inda mata ke saƙa a ƙarƙashin gidajensu. Ko'ina tsari ɗaya ne: a sauka, ya ce "Kin gani?", ta ce "Na gani", ya duba agogo, a hau. Wata tsohuwa mai saƙa ta kama hannun Moyna tana yaba lallenta, zance ya fara daɗi, sai ga hon ɗin babur.

A bakin teku wani mai hoto ya manne musu. Moyna ta yarda, don a ganinta ko ba komai za a tilasta masa ya matso.

"Bhai, ɗan'uwa, matso mana, ba 'yar sanda ba ce. Ɗora hannu a kafaɗarta. A'a, ɗora sosai! Tukunya ce a kan wuta? To, ka dube ta. Ita, ita, ba kwale-kwalen ba!"

Da aka nuna musu hoton, sun fito kamar mutum biyu da suka haɗu a layin karɓar magani.

Sai da suka isa unguwar masu shanya kifi sannan Belayet ya farfaɗo. Tun daga nesa warin ya tare su. Rumfunan gora jere-jere, kifaye rataye kamar shanyar wanki, dogaye sirara kamar wuƙaƙe, da ƙanana tsibi-tsibi a kan tabarmi, ƙudaje na shagali. Ya kira abokan ɗakinsa na Salala ya juya musu waya. Suka ɓarke da ihu, wani na cewa a shinshina masa, wani na rantsuwa in bai zo masa da shi ba kada ya dawo. Belayet na dariya har da dukan cinya, yana tsokanar wannan, yana kwaikwayon wancan, yana ciniki da mai kifi kamar ɗan kasuwa. Moyna na tsaye a rana, gefen mayafi a hanci. Ta ji kishin wasu ƙarti da ba ta taɓa gani ba, ta ji kishin Amma, har mai kifin ta ji kishinsa. Kowa yana da rabo a bakin mutumin nan ban da wadda aka ɗaura wa shi.

Suka dawo da buhu guda a kan tankin babur. Kyanwoyin Khala suka tarbe su tun daga ƙofa da waƙa.

"Rataye shi a waje, can sama a jikin azara," in ji Khala. "Ba za su kai ba."

"In ruwa ya sauko fa? In suka yi tsalle?" Ya rungume buhun kamar jariri. Amanar mutane ce, kuma shi mutum ne da ba ya wasa da amana. Moyna ba ta tsaya jin ƙarshen zancen ba. Kanta na sarawa, ta watsa ruwa, ta kwanta ta juya wa duniya baya.

Washegari ma haka aka yi: asuba, babur, gajimare, "jiya ta fito". Aka ƙara da kwale-kwale zuwa wani tsibiri inda Moyna ta amayar da karin kumallonta cikin ruwa, Belayet ya miƙo mata gorar ruwa yana kallon sama. Da suka dawo bayan azahar, ɗakin ya ɗauki zafi, wani wari ya cika shi. Ta ɗauka daga jikinsu ne. Ta yi wanka, ta taje kanta, ta sa kwalli, ta jera awarwaro. Yau ne yammacin ƙarshe. Ta ce wa kanta, mutum ba dutse ba ne, in ya ga jan sarin nan dole wani abu ya motsa.

Ta buɗe kabad.

Warin ya buge ta har ta ja da baya. Buhun kifin na zaune a ciki, bakinsa a sake, ƙarfen kabad ya ɗau rana ya dafa shi tun jiya. Gefen sarin, daidai wurin zaren zinariya, ya sauko ya kwanta a kansa, ya sha mai ya yi duhu. Ta ciro shi da hannu biyu. Ta kai hanci, kamar akwai sauran shakka.

"Wa ya sa wannan a nan?"

Belayet na bakin ƙofa yana kakkaɓe yashin takalmi. "Saboda kyanwoyi," ya ce. "Nan ne kawai yake rufuwa."

"Ba ka ga abin da ke ciki ba?"

"Na ga zane."

"Zane!" Muryarta ta tsage. "Zane ka gani? A cikin zanen nan na zauna gefen waya kamar mahaukaciya, duk gari na kallona, na ce na yarda da kai! Shekara biyu ina ɓoyonsa, ko bikin ƙanwata ban sa ba, na ce sai mai shi ya gani. Ka kawo ni nan ka yi ta zagaye da ni kamar buhun shinkafa a bayan babur. Kifin gwaggonka ya sami ɗaki mai makulli, ni ko kallo ban samu ba. Ka yi magana mana! Ka zage ni ma in ji!"

Ya tsaya. Ta ga leɓensa na motsi, ta jira, wallahi ta jira da dukan zuciyarta.

"Zan saya miki wani," ya ce.

Da ya mare ta da ya fi sauƙi. Ya ga fuskarta, ya san ya ƙara ɓata, ya zare wayarsa daga caji ya sauka matakala ya nufi bakin ruwa.

Khala Anowara ta hau ba sallama, don duk abin da aka faɗa a ɗakin katako a tsakar gida aka faɗe shi. Ta karɓi sarin ta shinshina, ta taɓe baki.

"Mai kyau ya saya, wannan ba na jiya ba ne. Kifin nake nufi." Ta ga Moyna ba ta yi dariya ba. "Kawo lemun tsami mu gwada."

Suka goga lemun tsami. Suka turara shi. Suka baza a baranda ya sha iska. Abin da ya fito shi ne ƙarnin kifi mai lemun tsami da turare.

"'Yata, wannan sai ya ga damina biyu," in ji Khala. "Ni na auri masunci, har ya mutu ban san ƙamshin kaina ba. Amma shi nawa yana magana, har ya yi yawa. Naki fa bebe ne?"

"Bebe? Khala, ki ba shi waya ki ji. Rediyo ne."

"To ai sai ki koma cikin wayar ki zauna."

Khala ta faɗa ne don tsokana, ta sauka abinta. Moyna ta zauna tana kallon sarin. Hawayen sun ƙare, abin da ya rage fushi ne mai sanyi. Ba za ta jira sai mararraba ba, yanzu za ta gaya masa. Kuma tunda waya ya aura, ta waya zai ji. Ta miƙe ta naɗa sarin a jikinta, da ƙarninsa da mansa, ta gyara kowace ninka kamar ranar farko. Ya gani da idonsa abin da ya yi. Wayarta saura ɗan jan layi, don tun zuwansu tasa ce a wurin cajin. Zai isa. Maganar ba ta da tsawo.

Ta sauka. Kyanwoyi biyu suka bi ta, wutsiya a sama, sai ta uku.

Daga gindin kwakwa ta hango shi can gaba, zaune a kan wani kwale-kwalen da aka kife, ya ba ta baya, yana fuskantar teku. Ta danna kira. Ta ga ya zabura, ya duba, ya kai kunne.

"Tsuntsuwata?"

Haka kawai ya fito, ba shiri, yadda ya saba. Kalmar ta ratsa ta, haushi ya ƙara kama ta saboda hakan.

"Kada ka ce mini haka. Gobe a mararrabar garinmu zan sauka. Gidan Abba zan tafi. Ka kai wa Amma kifinta."

Ta ji teku sau biyu, a kunne ɗaya ta waya, a ɗayan a fili.

"Kada ki yi mini haka, Moyna."

"Me na yi maka? Ni na san wani mutum a Salala, mai surutu, mai ba ni dariya. Kai ban san ka ba. Ina ka baro shi?"

"Yana nan. Wallahi yana nan." Ya sunkuyar da kai, ta ga hannunsa na shafa ƙeya. "Ki tsaya ki ji. A can, tun safe nake tara miki zance. Ina buga bulo ina cewa wannan zan gaya mata, wannan zai ba ta dariya. In na hau rufi na riga na haddace. Kuma ke 'yar mitsitsiya ce a tafin hannuna, in na ji kunya sai in kalli sama. Ranar da na shigo gida na gan ki tsaye da tiren shayi, mutum sukutum, kin ma fi ni tsawo kaɗan, ba wanda ya gaya mini..."

"Laifina ne tsawon?"

"Ba laifinki ba ne! Ni tun ina saurayi na tafi. Mu goma sha biyu a ɗaki, duk maza. Ban san yadda ake zama da mace a ɗaki ba, ban san inda ake ajiye ido ba. Sai na ce to bari in cika alkawari. Na ce zan nuna miki komai."

"Ƙaguwa na zo aure? Rijiya na zo aure?"

Ba ta san ta fara tafiya ba. Yashi na shiga takalminta, kyanwoyi na biye. Ta buɗe baki za ta ƙara, sai wayar ta yi ɗan kuka a kunnenta ta mutu. Ta duba: baƙi ƙirin. Ta ɗaga kai za ta yi masa ihu. Sai ta ji muryar ba ta tsaya ba. Iska ce ke kawo ta, daga bakinsa, ba ta cikin komai ba. Bai san layin ya yanke ba.

Ta ci gaba da takawa a hankali.

"...kuma akwai wani abin. Shekaranjiya a mota kin yi barci, kanki ya faɗo kafaɗata. Har muka iso ban motsa ba, hannuna ya mutu. Ina ta tunani, in na saba da wannan, wa zai hau jirgin nan? Da can ban san abin da na rasa ba, murya ce, ina da ita a aljihu. Yanzu in na koma zan san nauyin kanki. Sai na ga gara in yi ta duban agogo. Sarin kuma na gane shi, ƙarya na yi. Tun da na buɗe kabad na gane shi, hoton nan yana manne a saman gadona. Na tura shi gefe da kyau, na rantse na tura, ban san zai zamo ba. Da kika tambaye ni sai tsoro ya sa na ce zane. Moyna? Kina jina? Ki yi magana mana."

Wayar ta fashe da ƙara a kunnensa. Ya firgita har ya kusa faɗowa daga kwale-kwalen. Ya duba: Amma ke kira. Ya ƙura wa wayar ido, ya ga ba wani layi a buɗe tun ɗazu. Sai hancinsa ya gaya masa sauran. Ya juyo.

Tana tsaye taku kaɗan daga shi, cikin ja da zinariya, kwalli ya zubo mata a kumatu, kyanwoyi uku zaune a gefen ƙafarta suna kallon sarin da begen duniya. Bayanta mutane na ta ɗaga waya ga yamma, inda rana ta shige gajimare tun ba ta kai ruwa ba.

Wayar na ta kuka a hannunsa. Moyna ta dube ta, ta dube shi. Ya ɗaga yatsa, ya sauke. Sannan ya tura ta aljihu da kukanta.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafaɗa."

Ya rufe fuska da hannu. Da ya buɗe, idonsa ya sauka a kan kunnenta, ya zame zuwa haɓarta, ya yi ta maza ya hau zuwa idonta, ya ɗan tsaya, ya gudu.

"Kin yi kyau," ya ce wa kafaɗarta. "Kina warin kifi."

"Aikin wa?"

"Nawa."

"To matsa."

Ya matsa. Ta zauna a kan kwale-kwalen, ba ta bar tazara ba. Ta ji kafaɗar ta sandare, ta ƙyale ta, ba ta janye ba.

"Ban fasa ba tukuna," ta ce. "Daga nan zuwa mararrabar garinmu tafiya ce mai tsawo. In ka yi mini shiru a motar nan, ko ka tambaye ni za ki sha ruwa, wallahi zan ce wa direba ya tsaya."

"Me zan ce?"

"Ni zan gaya maka? Mai dafa shinkafa a butar shayi, ka ce an kama shi, ba ka ƙarasa mini ba."

Belayet ya dubi teku. Ya gyara murya. Ta fito a shaƙe, ta yi tuntuɓe, ba ta kai rabin ta waya daɗi ba.

"Ai ba kama shi aka yi ba," ya ce. "Ubangidanmu ne ya zo da baƙi, ya ce a zuba musu shayi..."

Wayar ta sake ɗaukar kuka a aljihunsa. Hannunsa ya nufi wurin. Moyna ta kama hannun ta danne shi a kan katakon kwale-kwalen.

"Sai aka yi yaya?" ta ce.